Mai Sana'ar Sanyi a Maƙerar Yayana

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da dama, kuma na yafe masa. Ya kwashe haƙoran tauna, ya kwashe sunayen rabin jikokina, har hulata yakan ɓoye mini alhali tana kaina. Amma akwai rana ɗaya da ko da 'yan sanda ya zo ba zai karɓe ta daga hannuna ba. Ita ce ranar da na yi aikin tafinta tsakanin mutum biyu da ke jin Hausa sarai, a maƙerar yayana da ke Ƙofar Dumi, har suka sallame ni daga aiki ba tare da sun sanar da ni ba.

Ya kamata mai karatu ya san da wa yake magana. Ni ne ɗan bokon gidanmu. Na yi firamare har aji huɗu, kuma da na ƙarasa, ba don ni da hedimasta mun samu saɓanin ra'ayi a kan wanda ya fi cancanta ya riƙe bulala ba. Daga baya na yi aikin masinja a wata ma'aikata a nan Bauchi, na yi shekara da shekaru ina ɗauke da manyan takardu a hammata. Wanda ya zauna kusa da mai turare ai ba ya rasa ƙamshi. Saboda haka duk abin da ya shigo gidanmu da warin boko, ni ake kira in shinshina.

Yaya kuwa maƙeri ne, shi ya gaji mahaifinmu. Mutum ne da maganarsa take a bakin masaba. In ya yi maka kalma goma a yini, to ranar ya yi surutu. Ya daɗe bai samu haihuwa ba, sai da furfura ta fara leƙowa sannan Allah ya ba shi 'ya mace. Da yake 'yar fari ce, ko sunanta ba ya kamawa. "'Yar wajenka" yake ce mini, kamar ni na haife ta. In ta durƙusa ta gaishe shi, ƙarfen gabansa yake amsa wa. Amma ni na lura da wani abu da shi bai san na lura ba. Ta girma ta zama malama a wata makarantar 'yan mata, kuma kullum in ta dawo ta lungun maƙera take bi. Da zarar inuwarta ta faɗo ƙofar, masabarsa takan tsaya a sama, ba ta sauka sai ta wuce, kada tartsatsi ya taɓa mata mayafi. Tun tana rarrafe yake haka.

To, sai ga manemi. Yaron Gwallaga ne, ɗan wani mai sayar da hatsi. Karatu ya kai shi Jamus, can yake aiki a jami'a, ya zo hutu. Shi da yarinyar sun daidaita tun kafin mu san ana ciki. A al'adarmu uba ba ya shiga maganar auren 'yarsa, baffanta ne ke tsayawa. Sai Yaya ya kira ni, yana duban wuta ya ce, "Ɗan boko, 'yarka ce. Ka bincika. Asali, addini, sana'a."

Asali da addini ba su ba ni wahala ba. A Gwallaga in ka zauna wurin mai shayi ka ambaci gida, kafin shayin ya huce an ba ka tarihinsa har kakan kaka, da wanda ka tambaya da wanda ba ka tambaya ba. Gidan mutunci ne, yaron kuma ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Sana'a ce ta tsaya mini. Wani ya ce likita ne amma ba na asibiti ba. Wani ya ce firji yake haɗawa. Shi kuwa Yaya yana da doka tun ta mahaifinmu: sana'ar da ba za a iya faɗa wa maƙwabci ita a tsaye ba, ba sana'a ba ce. Ga shi hutun yaron ya kusa ƙarewa, kuma Yaya ya riga ya ce ba zai bar yarinya a rataye ba. In jirgi ya tashi ba a tsayar da magana ba, maganar ta mutu ke nan.

Na aika a kira shi zaurena. Kafin ya zo, yarinyar ta shigo da kwanon masa ta ajiye, ta tsaya tana murza bakin mayafi.

"Baffa, don Allah abin da ya faɗa kawai za ka kai wa Baba. Kada ka yi masa kwaskwarima."

"Ni? Yaushe na taɓa ƙara wa magana wani abu?"

"Jiya ka ce wa Inna kurayen da ka gani a Yankari sun gaishe ka."

"Sun ɗaga kai. A wurin kura gaisuwa ke nan. Je ki, 'yata, wannan aikin masana ne."

Yaron ya zo, siriri, mai tabarau, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Na gyara zama irin na manyan sakatarori na ce, "Ɗana, ba ni sana'arka a taƙaice. Kada ka ji tsoron zurfafawa, ni ma na taɓa boko."

Ya ce, "Baba, ka san ƙwayar zarra?"

Na ce, "Tun kafin a haifi ubanka nake karanta ta a allo. Ci gaba."

Sai ya yi mini bayani, kuma zan faɗa yadda na riƙe. Ya ce komai na duniya da waɗannan ƙwayoyi aka gina shi, har iskar da ke zauren nan. Ya ce abin da muke kira zafi ba komai ba ne illa gudunsu. A cikin iskar nan suna gudun da ya fi na jirgin sama, suna ta bugun juna. Ya ce, "Baba, ka tsaya a bakin kasuwar Wunti da yamma, 'yan acaɓa da masu keke suna ta shiga juna. In biyu suka gogi juna, za ka iya cewa wa ya taɓa wa?"

Na ce, "Ko su ba su sani ba, shi ya sa kowa ke rantsuwa."

Ya ce to shi aikinsa ya rage musu gudu har ya ga yadda biyu ke yi in sun gamu. Suna da wata tukunyar ƙarfe mai tagogin gilashi, an zuƙe iskar cikinta tas. Sai su saki 'yan ƙwayoyin wani sinadari da ake samu a gishirin miya, su haska musu hasken leza ta gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa.

Nan na kama shi. Na ce, "Tsaya, yaro. Haske ai zafi yake kawowa. Wa ya taɓa shiga rana don ya sha sanyi?"

Ya yi murmushi ya ce tambayar ta yi kyau, abin da ni ma na sani. Ya ce an saita hasken ne yadda sai ƙwayar da ta nufo shi da gudu yake tokara. Kamar mutum ya zo da gudu zai shiga masallacin Juma'a daidai an sallame ana fitowa. Ba wanda ya doke shi, amma kowace kafaɗa tana rage masa kaɗan, duk inda ya juya haka, har ya koma tafiyar tsofaffi. To in gudu ya ƙare, zafi ya ƙare. Ya ce sanyin da suke kaiwa, ƙanƙarar firji garwashi ce a kansa, sanyin Jos kuwa ko a lissafi ba ya shiga.

Ya zaro waya ya nuna mini hoto mai motsi. Duhu ne, sai wani ɗan ɗigon haske a tsakiya yana rataye ba igiya, kamar kan turaren tsinke, launinsa irin na fitilun titi na da masu ruwan lemo. Ya ce taron ƙwayoyin ke nan, sun natsu wuri guda. A nan yake kallon yadda suke karo.

Na ce, "To me ake sayarwa a ciki?"

Ya ce, "Gaskiya, Baba, ba a sayar da komai. Sani ne. Agogon da ya fi kowanne daidai a duniya da irin waɗannan ƙwayoyi yake aiki, kuma karon da suke yi yana ɗan karkata shi. Wayar hannunka da tauraron da ke nuna wa direba hanya duk da irin agogon nan suke tafiya. In mun san karon, an san gyaran."

Na gyaɗa kai na ce na gane sarai, na ba shi masa ya ci, na sallame shi.

Da la'asar na tafi maƙera na kai rahoto. Na ce, "Yaya, na yi bincike irin na gwamnati. Yaron nan yana da wata tukunya. Yakan kama wasu ƙananan bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba, ya kulle su, ya hana su iska, ya sa musu sanyi har su kasa gudu. Sannan ya haɗa su karo, ya koma gefe yana kallo."

Yaya ya juya ƙarfe a wuta. "Ana ganinsu?"

"Ɗaya-ɗaya dai ba a gani."

"Ana sayarwa?"

"Ba a sayarwa."

Ya sake juya ƙarfen. Sannan ya ce, "Ko dai da aljanu yake aiki, ko kuwa gulma ce aka ba ta digiri. Mai haɗa karo ya koma gefe yana kallo, mun san sunansa a unguwa. Gaya masa Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Duk Bahaushe ya san ma'anar wannan addu'a. Ƙofa ce ake rufewa da ladabi.

Har gobe ina nan a kan bakana cewa babu kuskure ko ɗaya a rahotona. Yaron da kansa daga baya ya tabbatar duk abin da na faɗa gaskiya ne. Ya dai ƙara da cewa kamar a ce maka likitan tiyata mutum ne mai yanka mutane suna barci. Wannan kuma ra'ayinsa ne.

Washegari yarinyar ta kawo mini koko. Ba ta tsokane ni ba, ba ta ce hulata ta karkace ba, abin da ba ta taɓa fashi ba. Ta ajiye ta zauna a bakin tabarma tana duban ƙasa. Ban ga hawaye ba, kuma da na gani da ya fi mini sauƙi.

"Baffa, me ka ce masa?"

"Abin da aka ce mini, a taƙaice."

"Ni ba zan ƙetare maganar Baba ba. In ya ce a'a, a'a ce. Abu ɗaya nake roƙo, ya ji daga bakin mai sana'ar. In ya ji ya ƙi, na haƙura."

Na ce, "'Yata, kin san ubanki ba zai zauna da manemin 'yarsa ba. Ana abin kunya a gari, amma ba a maƙerarmu ba."

Ta ce, "Kai ne ɗan boko, Baffa. Ka nemo hanya."

Kun ji inda ta kama ni. Kokon nan ban ji daɗinsa ba. Na je na samu Yaya na yi ta kewaye-kewaye, na ce yaron yana sha'awar ganin yadda ake ƙira, wai a Jamus babu irin tamu. Yaya ya dube ni duban da yake yi mini tun ina satar masa ƙosai. Ya ce, "Maƙera ba ta da ƙyaure. Mai wucewa ba a hana shi inuwa. Amma ni ba ni da magana da shi."

Na ce, "Wannan ba matsala ba ce. Ga tafinta."

Ranar bazara ce, rana ta take sosai. Yaron ya zo cikin farar shadda sabuwa fil, wai don ya girmama wuri. Farar shadda a maƙera. Na ce a raina, ilimi dai bai gama komai ba. Ya yi sallama ya durƙusa. Yaya ya amsa wa gawayi. Muka zauna mu uku a rumfar da ba ta fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, gwiwar wannan na kusan taɓa ta wancan, ni a tsakiya.

A ranar Yaya yana da aikin haɗi. Wani manomi ya kawo garma da ta tsage, za a ɗora mata sabon baki. Masu walda sun cika gari, amma Yaya a wuta yake haɗa nasa irin na da, yana cewa walda ɗinki ne, haɗin wuta kuwa zumunci ne.

Can Yaya ya ce wa wuta, "Tambaye shi wa ya koya masa."

Na juya da martaba na ce, "Ana tambayarka wane ne maigidanka, kuma yana da mutunci?"

Yaron ya ce, "Wata dattijuwa ce, Baba. Shekarata ta farko ba ta bar ni na taɓa hasken ba. Goge madubai da ɗaure kusoshi kawai nake yi."

Na juya na ce, "Ya ce mace ce, kuma shara ta sa shi."

Yaya ya yi wani ɗan gurnani. Ni na san gurnanin. Shi ma ya daɗe a kan zuga-zugi kafin mahaifinmu ya bar shi ya riƙe masaba.

"Tambaye shi ya taɓa ɓata mata aiki."

"Ana so a ji ɓarnarka, kuma kada ka rage."

Ya ce, "Na taɓa. Hasken yana bi ta madubai da yawa a kan tebur kafin ya isa tukunya. Wata rana na saki ƙofar ɗakin ta bugu. Madubi ɗaya ya gusa da abin da bai kai kaurin gashi ba, aikin makonni ya wargaje."

"Tambaye shi me ta yi masa."

Kafin in buɗe baki yaron ya ce, "Ba ta ce komai ba. Ta miƙo mini abin ɗaure kusa, ta tafi shan shayi."

Na lura an tsallake ni, amma na ɗauka kuskure ne irin na sabon shiga.

Lokacin zuga wuta ya yi. Yaya ya nuna mini zuga-zugin fatar akuya da haɓa. Na ce kafaɗata tana ciwo tun zamanin ɗaukar takardu, kuma bai dace tafinta ya haɗa aiki biyu ba. Sai yaron ya naɗe hannun shaddarsa ya matsa ya kama. Farko ya danna da ƙarfi, toka ta tashi ta sauka a kan farar rigar nan kamar an yi mata barbaɗen yaji.

"Gaya masa ba faɗa ake yi ba."

"An ce ka sassauta, akuyar ta riga ta mutu."

Ya sassauta. Abin mamaki, bai daɗe ba hannunsa ya kama, dama na sauka hagu na tashi, iska tana fita bai ɗaya ba yankewa. Na ga Yaya ya saci kallon hannun. Hannu ne da ya saba juya abu kaɗan-kaɗan ya jira.

Yaya ya sa garmar da sabon bakin a wuta, ya yayyafa musu yashi, sannan ya miƙa hannu ya saki tsohon buhun da ke rataye a bakin rumfa. Wurin ya yi duhu, sai jan wuta.

Yaron ya ce a hankali, kamar da kansa yake, "Mu ma a duhu muke aiki."

"Tambaye shi don me."

Na ce, "Don me?" A nan ban samu abin ƙarawa ba.

Ya ce, "Saboda launi. Ƙwayoyin nan biyu in sun zo daf da juna, yawanci sukan gogi juna kowa ya kama gabansa. Amma in a daidai lokacin aka haska musu wani haske na daban, kuma launinsa ya zo daidai, sai su biyun su karɓe shi tare su zama abu ɗaya. Sai launin ya zo daidai ƙwarai, bambancin da ido ba ya gani, sai na'ura. Don haka nakan zauna ina juya launin kaɗan-kaɗan, ina jira. Launukan da suka karɓa su ne ke gaya mini irin jan da ke tsakaninsu."

Ƙarfen ya tashi daga baƙi ya koma ja. Yaya bai ɗauke ido daga kansa ba. Ya ce, "In bai kai ba fa?"

Na gyara murya. "Ana tambayarka..."

"Ba abin da ke faruwa, Baba. Su wuce juna kamar ba su san juna ba."

"In ka wuce?"

"Haka nan. Sai in dawo baya in sake bi."

"Kai ka ji daɗi. Ni in na wuce, ƙarfen ya ƙone. Duba nan. Wannan jan, ƙarya yake yi, in ka buga yanzu za su rabu a gona. Ƙara iska kaɗan. Kaɗan na ce. Ka ga ya fara komawa ruwan ɗorawa?"

"Na gani, Baba."

"Jira. In ya fara tartsatsi fari an makara. Tsakanin nan da can ne, kuma ba ya jiran kowa."

Jama'a, ina zaune a tsakiyarsu da bakina a buɗe, magana tana wuce ni ta gaba ta dawo ta baya. Mutumin da ya ce ba shi da magana da yaro, ga shi har da "duba nan". Na yi tari don a tuna da ni. Ba wanda ya ce sannu.

Sai Yaya ya fizgo su da awartaki ya ɗora a uwar maƙera. Masaba ta sauka, ta sake sauka, tartsatsi ya cika rumfa, yaron bai ko ja da baya ba. Da ƙarfen ya fara duhu Yaya ya ɗaga shi yana juyawa. Ba ka iya nuna inda tsoho ya ƙare sabo ya fara.

Ya ce, "Ni ga nawa a hannu, ina gani. Kai da ba ka ganin naka, ta yaya kake sanin sun haɗu?"

Yaron ya goge hannu a shaddar da ta riga ta zama abin tausayi, ya fito da waya ya nuna masa ɗigon hasken nan. Yaya ya matso da fuska har gemunsa na taɓa gilashin.

"Wannan taronsu ne, Baba, a inda hasken ya riƙe su. In biyu suka haɗu suka zama ɗaya, wurin ba ya iya riƙe su kuma. Sai su fice. Sai ka ga hasken ya ragu. Da raguwar nake gane cewa haɗin ya yi."

Muna kallo, ɗigon ya dusashe kaɗan.

Yaya ya daɗe yana dubansa. Sannan ya mai da garmar kan uwar maƙera ya ɗaga masaba zai gyara bakin. Lokacin tashin makaranta ne, lokacin da yarinyar ta saba wucewa. Ranar kuwa saboda kunya ta bi ta bayan layi, ba wanda ya gifta sai wata akuya. Amma masabar ta tsaya a sama. Ta daɗe a can, yana duban lungun ta gefen buhu.

Ya sauke ta a hankali ba tare da ya buga ba. Ya ce, "Waɗanda suka fice, suna dawowa?"

Ni da na san amsar da ta dace, na yi ta yi wa yaron alama da ido ya ce e. Bai ko dube ni ba.

Ya ce, "Ba sa dawowa, Baba." Ya sunkuyar da kai, sannan ya ƙara da cewa, "Amma su ba su da iyaye a Bauchi."

Gawayi yana ta ƙara shi kaɗai. Sai na ga Yaya ya dubi yaron, ya dube ni, kamar wanda ya farka ya tarar da kansa a ɗakin da ba nasa ba. A lokacin ne ya tuna da wa yake ta hira tun ɗazu. Ya ja hularsa ta rufe goshi, ya juya mana baya gaba ɗaya, ya fuskanci bango yana gyara gawayin da ba ya bukatar gyara.

"Ɗan boko."

"Na'am, Yaya." Na ji daɗi an mai da ni bakin aiki.

"Gaya wa ɗan naka ya ɓata rigarsa."

"An ce ka ɓata rigarka."

"Kuma gaya masa ya turo manyansa."

Wannan kam ban fassara ba. Yaron ya riga ya durƙusa, tabarau ɗinsa duk toka.

Daga ranar Yaya bai sake yi masa magana kai tsaye ba har ya koma ga Allah. In ya hango shi a lungu sai ya tuna yana da aiki a cikin gida. Wanda bai san mu ba zai ce ƙiyayya ce. Mu kuwa mun san ba ka jin kunyar wanda ba surukinka ba.

Aka ɗaura aure, ni na ba da ita, na kuma yi jawabin da har yau ake cewa ya yi tsawo. Ana haɗa kayan amarya sai Yaya ya miƙo mini wani abu a ƙunshe cikin tsumma ya ce in sa a akwati. Na buɗe, don tafinta ba ya isar da abin da bai gani ba. Wani guntun ƙarfe ne mai nauyi, gefe ɗaya siriri gefe ɗaya mai kauri, ƙarfe biyu ne aka haɗa a wuta.

Na ce, "Yaya, wannan fa? Ba wuƙa ba, ba fartanya ba."

Ya ce, "Gaya masa ya riƙa tokare ƙofar."

Suka tafi. Gidan ya yi shiru irin wanda ba a faɗa. Yaya kuwa ya daɗe masabarsa tana tsayawa a lokacin tashin makaranta. Sai dai yaron ya cika maganar da ya yi a maƙera. Duk hutu suna gida, daga baya har da 'yan jikoki masu Hausa a karkace, waɗanda Yaya yake bari su ja masa gemu su taɓa zuga-zugi, abin da ni ban samu ba sai da na yi kaciya. Kwanakin baya yarinyar ta nuno mini ɗakin aikin mijinta ta waya. Ga tebur cike da madubai, ga tukunya mai tagogi, ga kuma ƙarfen Ƙofar Dumi a gindin ƙofa yana aikinsa. Ta ce har dattijuwar nan ta tambayi inda ake sayar da irinsa. Na ce a gaya mata kamfanin ya rufe, amma tafintansa yana nan da rai.

Abin da ranar nan ta koya mini, na daɗe ina juya shi. In kana so ka san yadda biyu za su yi in sun gamu, kada ka auna su cikin zafi da hayaniya, kada kuma ka auna su da labarin da wani ya kawo maka, ko da mai kawowar ya yi aji huɗu. Bar ƙura ta lafa, ka kawo su kusa, ka ja bakinka. Kuma in haɗi ya yi kyau, wani wuri sai haskensa ya ragu, mai haƙuri da raguwar nan shi ne ya yi kyautar. Yaya ya gane wannan a tsaye, da masaba a hannu. Ni sai da na zauna.

Amma dai a rubuta, don tarihi, cewa ba don ciwon kafaɗata ba, da yaron nan bai taɓa zuga-zugi ba.